Ɗan Dako

Ruwan farko ya sauka a Kampong Thom
daren Talata, muna barci.
Kafin asuba gonakin shinkafa sun yi baki,
kowane kwaɗo na kiran sunan kansa.

Na ɗaura fitila a goshi,
na saɓi buhu, na shiga taɓo har gwiwa.
Shekara ashirin da uku ina wannan sana'a.
In haske ya faɗa idon kwaɗo sai ya sandare
kamar wanda aka kama yana ƙarya.
Cafka ɗaya, buhu.
Cafka ɗaya, buhu.
Da gari ya waye kafaɗata na motsi da kanta.

Chantrea, autata, ita ke riƙe min kwano
in ina fiɗa a gindin randa.
Shekararta shida, haƙoran gaba biyu sun tafi yawo.
Ran nan ta tsinko ɗanyen mangwaro,
ta yanka da wuƙar da na ajiye
a kan katakon da ban wanke ba,
ta dangwali gishiri da barkono.
Na gani. Ban tanka ba.
Me zan ce? Kwaɗo ne,
tun kakana Vuthy muke cinsa.

Kwana biyu cikinta ya ɓaci.
Na uku idanunta suka faɗa,
jikinta kamar murhun da aka sauke wa tukunya.
Uwarta ta rungume ta a bayan babur,
na yi ta kauce wa ramuka ina ba hanya haƙuri.
A asibiti na zauna ina ƙirga ɗigon ƙarin ruwa
har lissafi ya kuɓuce min
wajen dubu da wani abu.

Bayan sati uku wata mata ta zo ƙauyenmu,
Sokunthea, da safar hannu shuɗiya
da tsinke mai auduga a kai.
Ta ce in kamo mata goma, masu rai.
Ta riƙe kowanne kamar jinjiri,
ta shafa cikinsa, ta shafa tsakanin yatsu,
ta jefa tsinken a kwalba, ta rubuta lamba.
Na ce, to, wanne ne marar lafiyar?
Ta ce, babu.
Lafiyarsu ƙalau, kawu, sun fi ni da kai.
Dako suke yi, ba su san me ke cikin kayan ba.

Sai ta bi sawunsa da yatsa, ina kallo:
daga garken aladun Phirum,
zuwa kududdufin agwagi,
zuwa kwatamin da ɓauna ke birgima,
zuwa masanmu da ambaliya ta cika bara,
zuwa bakin rijiya.
Tsalle biyar.
Ƙwayar cutar, in ji ta, dubu sun taru
ba su kai ƙwayar gishiri ba,
kuma ba ta tambayar wane ne dabba, wane ne mutum.

Na tsaya a kan masan nan na daɗe.
Ashe wataƙila mu muka ɗora masa kayan,
ya zagaya dare, ya dawo mana da su ƙofa.
Ruwa ba ya tsami banza.

Ban daina kamu ba. Da me za mu sayi taki?
Wuƙa dai ta zama biyu,
ɗaya na ɗaura mata jan zare a ƙota.
Sabulu na rataye a ƙusa kusa da randa,
yana ƙarewa da sauri, uwarta na mita.

Chantrea ta tashi, haƙoran sun dawo,
manya, sun fi ƙarfin bakinta.
Jiya da dare ta ji su sun fara,
ta ce, baba, me suke cewa?
Na kasa kunne sosai.
Da can kuɗi nake ji.
Na ce, je ki wanke hannu tukuna,
shinkafa na hucewa.